VFP-206: Rukunin Masu Ɗaukar Hoto Da Ya Rufe Zamanin Crusader A Sojan Ruwan Amurka

Tambaya: Malam, na ga hoton wani tsohon jirgin yaƙi mai suna RF-8G Crusader da ke ajiye a gidan tarihi a Amurka. An ce ba shi da bindiga ko ɗaya sai kyamarori, kuma wani rukunin sojojin ko-ta-kwana na sojan ruwa, VFP-206, shi ne ya yi aiki da shi har 1987. Mene ne tarihin wannan rukuni? Kuma me zai sa ƙasa mai taurarin ɗan'adam ta riƙe jirgin da aka ƙera tun shekarun 1950? Ko dai wurin jibge tsofaffin kaya ne kawai?

Amsa:

Malam mai tambaya, a'a, ba wurin jibge tsofaffin kaya ba ne, ko da yake na gane abin da ya kai ka ga wannan zato. An kafa VFP-206 ranar 1 ga Yuni 1970, tare da ɗan'uwansa VFP-306, a sashen sojan ruwa na sansanin Andrews da ke jihar Maryland, gab da birnin Washington, wato filin nan da jirgin shugaban Amurka yake tashi. Laƙabin na farko Hawkeyes, na biyu kuma Photomasters. An rufe VFP-306 a 1984, shi kuwa VFP-206 ya kai ƙarshen Maris 1987. A shekaru biyar ɗinsa na ƙarshe, sojan ruwa na dindindin ba su da sauran wani rukunin jiragen da ke sauka kan jirgin ruwa wanda ɗaukar hoto ne kaɗai aikinsa. Sana'ar ta rage a hannun waɗannan 'yan ko-ta-kwana, wato sojoji masu sana'o'insu a gari da ke zuwa aikin soja ƙarshen mako, kuma a ganina sun riƙe ta da mutunci har ranar da aka karɓe ta daga hannunsu.

Asalin kafa su kunya ce da sojan ruwa suka sha a 1968. Ranar 23 ga Janairu na wannan shekara, Koriya ta Arewa ta kama jirgin leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo da mutum 83 a cikinsa, ɗaya ya mutu, sauran suka yi wata goma sha ɗaya a tsare. Cikin kwana biyu Shugaba Lyndon Johnson ya ba da umarnin a kira dubban sojojin ko-ta-kwana. Cikin waɗanda aka kira akwai rukunoni shida na jiragen sojan ruwa, uku masu A-4 Skyhawk, uku masu F-8 Crusader, kuma ɗaya daga cikin masu Crusader ɗin, VF-661, daga Andrews ɗin nan yake. Da suka hallara sai asiri ya tonu. Jiragen da suka saba da su tsofaffin samfura ne da ba a yarda a kai su fagen yaƙi ba. Matuƙa da yawa sun daɗe rabonsu da sauka a kan jirgin ruwa. Mafi muni, a tsarin wancan lokaci rukuni ba shi da jiragen kansa: jiragen na sansani ne, rukunoni da dama suna karɓa-karɓa, wannan ya hau wannan mako, wancan ya hau mako mai zuwa. Aka yi ta horo wata da watanni, kafin shekarar ta ƙare aka sallame su ba tare da ko rukuni ɗaya ya je yaƙi ba, alhali ana tsakiyar yaƙin Biyetnam.

Gyaran da aka yi a 1970 ya tafi har jijiya. Aka kafa manyan ayari biyu na ko-ta-kwana, CVWR-20 a gabashin ƙasar da CVWR-30 a yammaci, kowanne an tsara shi daidai da ayarin da ke kan jirgin dakon jiragen yaƙi na dindindin: masu faɗa a sama, masu kai hari ƙasa, masu ba da mai a sama, masu hango abokan gaba da rada, da masu ɗaukar hoto. Kowane rukuni aka ba shi jiragensa, da makanikansa, da kwamandansa. Manufar ita ce idan yaƙi ya tashi a ɗauki ayarin ɗungurungum a ɗora shi kan jirgin ruwa. Ayarin da ba shi da mai ɗaukar hoto kuwa makaho ne, shi ya sa aka ba CVWR-20 rukunin VFP-206, jiragensa ɗauke da haruffan AF a wutsiya, aka ba CVWR-30 rukunin VFP-306 mai haruffan ND. Abin lura, VFP-306 na ayarin yamma ne amma gidansa na gabas, kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa. Ni dai ina ganin hikima a nan: jirage iri ɗaya, kayan gyara iri ɗaya, ɗakin wanke fim ɗaya, ga kuma yankin Washington cike da masu sana'ar karanta hoton sama, tunda a nan hukumomin leƙen asiri suke.

To, jirgin fa? Kamfanin Vought na Dallas ne ya ƙera Crusader. Samfurin farko ya tashi ranar 25 ga Maris 1955, kuma a tashin farkon ya zarce gudun sauti. A 1956 wani Crusader ya kafa tarihi da gudun da ya haura kilomita 1,600 a sa'a. Abin da ya bambanta shi da kowane jirgi shi ne fiffikensa. Jirgi mai tsananin gudu yana buƙatar ya ɗaga hanci sosai idan zai sauka a hankali, Crusader kuwa dogo ne mai gajerun ƙafafu, idan ya ɗaga hanci wutsiya za ta daki dandamali, matuƙi kuma ba zai ga inda zai sauka ba. Sai injiniyoyi suka sa gaban fiffiken gaba ɗaya yana ɗagowa da digiri 7 lokacin tashi da sauka, gangar jikin ta tsaya kusan a miƙe. Dabara ce mai kyau, amma ba ta mai da shi jirgi mai sauƙin hali ba. Crusader ya yi suna wajen haɗari a lokacin sauka kan jirgin ruwa, musamman kan ƙananan jiragen dako irin na Essex da aka gada daga Yaƙin Duniya na Biyu. Riƙe wannan a ranka, domin zai yi amfani idan mun zo kan su wane ne matuƙan VFP-206.

Samfurin ɗaukar hoto, F8U-1P, ya fara tashi a Disamba 1956, aka ƙera guda 144. Aka cire bindigogi huɗu masu bakin milimita 20, aka baje ƙasan gangar jiki ya zama mai kusurwa domin a sa tagogin gilashi, aka jera kyamarori a bayansu: wata na duban gaba, wasu na duban ƙasa kai tsaye, wasu na duban gefe a karkace. Da irin wannan jirgi ne Manjo John Glenn ya ratsa Amurka ranar 16 ga Yuli 1957, daga Los Alamitos a Kalifoniya zuwa filin Floyd Bennett a New York cikin sa'a 3 da minti 23, kyamarorinsa na ɗaukar hoton ƙasar tun daga wannan gaɓa har waccan. Bayan kusan shekara biyar shi ne Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a kumbo. A 1962 aka sauya wa jirgin suna zuwa RF-8A. Daga 1965 aka mai da guda 73 masana'anta, aka ƙarfafa fikafikansu, aka ƙara ƙananan fikafikai biyu a ƙarƙashin wutsiya don ya daina lilo a babban gudu, aka sabunta wayoyi da kyamarori, suka fito da sunan RF-8G. Waɗannan ne VFP-206 ya gada. A ƙarshen shekarun 1970 an sake sa wa waɗanda suka rage inji mai ƙarfi. Saboda haka idan aka ce jirgin 1950, gangar jikin ce ta wancan zamani, abin da ke ciki an sha sauya shi.

Ba za ka fahimci alfaharin mutanen VFP-206 ba sai ka san gidan da suka fito, gidan nan kuwa Kyuba da Biyetnam ne suka gina shi. Ranar 14 ga Oktoba 1962 jirgin leƙen asiri na U-2 ya ɗauko hotunan da suka nuna Tarayyar Sobiyet na kafa makamai masu linzami a Kyuba. Amma U-2 daga nisan kilomita 21 yake ɗauka. Ƙwararre zai gane abin da ke cikin hoton, ɗan siyasa ko jakada kuwa ɗige-ɗige kawai zai gani. Ana buƙatar hoton da kowa zai duba ya ce lallai wannan makami ne. Ranar 23 ga Oktoba jiragen Crusader shida na VFP-62, rukunin masu hoto na dindindin, ƙarƙashin Kwamanda William Ecker, suka tashi daga Key West bibbiyu, suka bi dab da ruwa don kada rada ta gan su, suka ratsa kan sansanonin makaman. Ecker ya bi ta kan San Cristobal a tsayin da bai wuce mita 120 ba. Suka sauka Jacksonville aka wanke fim, shi kuma Ecker aka ce ya wuce Washington nan take. A Andrews ya sauka, aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa Pentagon, hedkwatar tsaron Amurka, ya yi wa manyan hafsoshi bayani. Bayan kwana biyu jakadan Amurka Adlai Stevenson ya baje hotunan Kyuba a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A ranar ce kuma Laftanar Gerald Coffee ya kauce daga hanyar da aka tsara masa don ya ɗauki wani taron motoci da ya hanga kusa da Remedios, sai ga ƙananan makamai masu linzami na fagen daga, irin waɗanda ke iya ɗaukar nukiliya, abin da ya sauya lissafin masu shirin mamaye tsibirin. Na'urar da aka saita tun daga gida ba za ta yi wannan kaucewar ba. A Nuwamba Shugaba Kennedy ya je Key West da kansa ya ba rukunin lambar yabo.

Biyetnam kuwa jini aka biya. Ranar 6 ga Yuni 1964 aka harbo RF-8A na Laftanar Charles Klusmann na rukunin masu hoto VFP-63 a Laos, ya tashi ne daga jirgin dako Kitty Hawk. 'Yan Pathet Lao, mayaƙan kwaminisancin ƙasar, suka kama shi, bayan kusan wata uku ya tsere. Aikin da ya fi kisa shi ne ɗaukar hoton ɓarna bayan hari. Masu jefa bam sun zo sun wuce, kowane mai bindigar kakkaɓo jirgi a ƙasa ya san nan da 'yan mintoci mai hoto zai biyo baya, ya san kuma ta inda zai bi. Mai hoto ba shi da damar yin zilliya a daidai lokacin ɗauka, dole fikafikai su daidaita, jirgi ya miƙe, har kyamara ta gama. Kimanin RF-8 ashirin aka rasa ta hanyar wutar abokan gaba a wannan yaƙi. Matuƙan da suka tsira daga irin wannan aiki, da na Crusader masu faɗa, da yawansu sun bar soja sun kama tuƙin jiragen fasinja, sannan suka shiga ko-ta-kwana. Daga irin wannan tafki VFP-206 ya riƙa ɗiban mutanensa. Rukunin dindindin yakan cika da samari da ke zangonsu na farko. Rukunin ko-ta-kwana kuwa manya ne da suka riga suka yi shekaru a kan jirgin, kuma ba a yi musu canjin wurin aiki duk bayan shekara biyu ko uku. Ga jirgi mai wuyar hali irin Crusader, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Tsarin aikin kashi biyu ne. Akwai 'yan tsiraru da ke aiki kullum, akasari makanikai da masu kula da horo da takardu, su ne ke riƙe da rukunin daga Litinin zuwa Juma'a. Sai mafi yawa, masu sana'o'insu a gari, waɗanda doka ta wajabta musu ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara. Matuƙa kan wuce wannan ƙa'ida nesa ba kusa ba, don ba mai iya riƙe hannunsa a kan irin wannan jirgi da tashin kwana biyu a wata. A makonni biyun nan ne ayarin ke haɗuwa gaba ɗaya, a yi atisaye a hamada ko a je teku a sabunta shaidar sauka kan jirgin ruwa.

Bari in ɗan daɗe a kan sana'ar kanta, domin a nan ne mutane ke raina abin. Ana zaton matuƙi ya danna maɓalli ne kawai. Ɗauki jirgi mai gudun kilomita 650 a sa'a, wato mita 180 a daƙiƙa ɗaya. Ko da kyamara ta buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, jirgin ya riga ya matsa santimita 18. Daga can sama wannan ba komai ba ne, amma daga mita 120 ya isa ya dagula hoto har a kasa bambance motar mai da motar ɗaukar makami. Maganin da aka samo shi ne a sa fim ɗin kansa ya riƙa tafiya a cikin kyamara daidai da yadda ƙasa ke gudu a ƙarƙashin jirgi. Wannan kuwa ya dogara ga lissafin gudu da tsayi, don haka idan matuƙi ya tsorata ya ƙara wuta ko ya nutsa ƙasa ba tare da na'ura ta bi shi ba, ya dawo da fim na banza, kuma gobe sai wani ya koma cikin wutar. Sannan hotunan dole su hau kan juna, kowane hoto ya maimaita fiye da rabin wanda ya gabace shi. Dalili shi ne mai karanta hoto zai jera biyu a ƙarƙashin tabarau mai ido biyu, sai abin ya taso masa da tsayi da zurfi kamar yana leƙawa ta taga. Da haka ake gane rami daga tudu, ake gane tankar gaske daga ta katako. Da tsawon inuwa da sanin sa'ar da aka ɗauki hoton ake auna tsayin gini ko hasumiya. Da faɗin sawun taya ake gane nauyin abin da ya bi hanya.

Kuma duk wannan matuƙi ɗaya ne, ba na biyu a bayansa, ba na'urar sanin wuri ta tauraron ɗan'adam. Taswira ce a cinya, da agogo, da kamfas, da wani madubin leƙe a gabansa mai nuna masa ƙasan da ke ƙarƙashin jirgi. Gada ɗaya ce ake nema a cikin daji, zai gan ta na 'yan daƙiƙu, kuma ba a son ya kewayo sau biyu. Idan ya sauka, tun inji bai huce ba masu hoto sun buɗe ƙofofin kyamara sun zare gwangwanayen fim sun ruga ɗakin wanki. Saboda haka rukuni irin VFP-206 sarƙa ce mai zobe huɗu: matuƙi, makanikin jirgi, makanikin kyamara da mai wanke fim, sai mai karanta hoto. Duk suna ƙarƙashin kwamanda ɗaya, mai karanta hoto na iya tare matuƙi a bakin ƙofa ya ce masa jiya ka karkata, ka gyara. Wannan kusanci shi ne dukiyar rukunin, ya fi jiragen daraja.

Yanzu ga batun tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne Amurka na da su tun 1960. Na farkon, na shirin CORONA, fim suke amfani da shi, sai sun jefo gwangwani daga sama jirgi ya cafke shi, a yi kwanaki kafin hoto ya iso. A Disamba 1976 aka harba KH-11 mai aiko da hoto ta iska. Amma tauraro yana da lokacin wucewa, kuma abokin gaba ya san lokacin, sai ya rufe kayansa. Ba ya gani ta cikin gajimare. Su kaɗan ne, kuma Washington ce ke yanke inda za su duba, hankalinta na kan rumbunan makaman Sobiyet. Hotunan ma sirrinsu ya yi tsanani har ba kowane hafsa ke da izinin gani ba. Kwamandan da ke tsakiyar teku yana son ya san abu ɗaya kafin la'asar: gadar da muka kai wa hari da safe ta faɗi ko tana nan? Jirgin da zai aika da kansa, ya bi ta ƙarƙashin gajimare, ya ɗauko hoton daga gefe har a ga ƙarƙashin gadar, shi ne amsarsa. A shekarun 1970 da 1980 babu abin da ya maye wannan.

Abin da ya faru shi ne gidajen sana'ar sun riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. VFP-62 na Kyuba an rufe shi a farkon 1968. Rukunonin manyan jiragen hoto masu RA-3B, wato VAP-62 da VAP-61, suka bi a 1969 da 1971. RA-5C Vigilante, wanda ya fi Crusader girma da kayan aiki amma ya fi shi tsada da wahalar gyara, ya yi ritaya a 1979. VFP-63 na sansanin Miramar a Kalifoniya, wanda ke rarraba jirage uku ko huɗu ga kowane jirgin dako, aka rufe shi a tsakiyar 1982. Daga nan sai na Andrews biyu. Nauyin da ya hau kan makanikansu ba kaɗan ba ne, domin an daina ƙera Crusader tun tsakiyar shekarun 1960. Duk wanda ya ga yadda bakanike ke riƙe tsohuwar Fijo 504 a kan hanya, yana ciro wannan daga matacciyar mota yana gyara wancan da hannunsa, ya san irin aikin, sai dai ita wannan motar tana zarce gudun sauti kuma ana cilla ta daga kan jirgin ruwa.

Wanda ya gaje su akwati ne. Sunansa TARPS, dogon akwati mai kusan mita biyar da ake ratayawa a ƙarƙashin jirgin faɗa F-14 Tomcat, a cikinsa kyamara mai duban gaba ko ƙasa, da mai ɗaukar faɗi daga wannan gefe zuwa wancan, da na'urar ganin zafi. Ya shiga aiki a farkon shekarun 1980. Hujjar masu shi tana da ƙarfi, ba zan rage mata komai ba: fili a kan jirgin dako ya fi zinariya tsada, kowane irin jirgi na daban yana buƙatar kayan gyaransa da makanikansa, F-14 kuwa yana ɗauke da makamansa, da mutum na biyu a baya, yana iya kare kansa, gobe kuma a cire akwatin ya koma faɗa. Lokacin da John Lehman ya zama sakataren sojan ruwa a 1981, shi kansa hafsan ko-ta-kwana ne mai hawa jirgin kai hari A-6, ya dage cewa a daina ba 'yan ko-ta-kwana ragowar kaya, a ba su irin jiragen da na dindindin ke hawa. Ka duba shekarun za ka ga yadda abin ya bi. Rukunonin faɗa na ayarin yamma, VF-301 da VF-302, sun karɓi F-14 a 1984 zuwa 1985, aka ba VF-302 aikin TARPS, VFP-306 ya rufe a 1984. Na ayarin gabas, VF-201 da VF-202 na Dallas, sun karɓi nasu wajen 1987, aka ba VF-202 akwatin, VFP-206 ya rufe a Maris na shekarar. Wato an riƙe kowane rukuni ne har kusan lokacin da ayarinsa ya sami wani ido. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ana buƙatarsu.

Jirgin da ka gani a hoto, mai lamba 146860, shi ne Crusader na ƙarshe da ya yi aiki a sojan ruwan Amurka. Shekarunsa bakwai na farko a hannun sojojin kundumbala na Marine ya yi su, ya yi sa'o'i 400 a fagen yaƙi a kudu maso gabashin Asiya, ya kuma tara sama da sa'o'i 7,000 a sama, fiye da kowane Crusader na sojan ruwa. Da aka rufe rukunin aka miƙa shi ga gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian, yanzu yana reshensu na Udvar-Hazy kusa da filin jirgin Dulles a Virginia. A wajen Amurka jirgin ya ƙara shekaru: Filifin ta yi aiki da shi har 1988, sojan ruwan Faransa kuwa sun riƙe nasu na faɗa, waɗanda suka yi aiki a kan jiragen dakonsu Clemenceau da Foch, har Disamba 1999.

Shin an yi daidai da aka rufe? Jirgin dai ya tsufa, ba mai musun wannan, ba zai kai wasu shekaru goma ba. Inda nake da ja shi ne yadda aka bar sana'ar ta zama aikin gefe. An ɗauki TARPS a matsayin na wucin gadi kafin a ƙera samfurin hoto na sabon jirgin yaƙi F/A-18. An gwada samfurin a 1984, ba a ƙera shi ba, na wucin gadin ya yi sama da shekara ashirin. Matuƙin F-14 kuwa zuciyarsa na kan faɗan sama, a nan ake yabonsa, a nan ake ƙara masa girma, hoto abu ne da ake ɗora masa. Akwai ma'aikatan TARPS da suka ƙware ƙwarai, sun kuma shiga wuta: a Labanan, ranar 3 ga Disamba 1983, dakarun Siriya sun yi wa F-14 masu ɗaukar hoto ruwan makamai, abin da ya jawo harin ramuwa washegari inda Amurka ta rasa jirage biyu. Amma jirage kaɗan ne a kowane jirgin dako aka yi wa wayoyin ɗaukar akwatin, kuma mutumin da ya yi shekara goma sha biyar ba ya tunanin komai sai kusurwar rana da tsayin ɗauka ya zama abin nema.

Sakamakon ya fito a yaƙin Tekun Fasha na 1991. Sojojin Marine sun ajiye jiragen hotonsu RF-4B a 1990, watanni kaɗan kafin a fara. Kwamandoji, har da babban kwamandan yaƙin, Janar Norman Schwarzkopf, sun koka a fili kan ƙarancin hotunan fagen daga da jinkirin tantance ɓarnar hare-hare. F-14 masu TARPS suka yi ta aiki ba hutu, aka kuma nemo tsofaffin jiragen hoto RF-4C daga dakarun sama na jihohin Alabama da Nevada, su ma masu zuwa aiki ƙarshen mako ne, don a cike giɓin. Ƙananan jirage marasa matuƙi irin Pioneer, waɗanda sojan ruwa suka fara saye a tsakiyar shekarun 1980 bayan sun ga abin da Isra'ila ta yi da irinsu a kwarin Beka'a na Labanan, sun taimaka, amma a lokacin hotonsu bai kai na fim kyau ba, ba sa kuma zuwa nesa. Sai a 2003 sojan ruwa suka sami sabon akwati na zamani mai suna SHARP a ƙarƙashin F/A-18F, wanda ba ya buƙatar fim. VF-202 da VF-302, rukunonin da suka karɓi aikin daga hannun mutanen Andrews, ba su kai wannan lokaci ba: an rufe su duka biyu a ƙarshen 1994 tare da ayarin CVWR-30, lokacin rage sojoji bayan rushewar Tarayyar Sobiyet.